Motar tsere ta hannu: abin da nake faɗa wa masu turo min hotuna daga gida

Duk Bahaushen da ke zaune a Amurka ya san irin wannan saƙo. Hoton mota ne daga shafin gwanjo na Copart ko IAA, an zagaye farashin da jan layi, a ƙasa an rubuta: "Yaya, don Allah duba min wannan." A da Camry da Accord da Highlander ake turowa. Yanzu samarin Abuja da Kano da Kaduna waɗanda Allah Ya buɗa wa sun canza salo, sai ka ga Maserati GranTurismo, ko Bentley Continental GT, ko tsohuwar Porsche 911, wani lokacin har Lamborghini Gallardo. Ni a Houston nake, kuma amsar da nake ba yawancinsu ita ce su haƙura. Wasu na ɗauka baƙin ciki nake yi musu, shi ya sa na ga gara in yi bayanin a fili.

Farashin da suke gani gaskiya ne. Bentley Continental GT ta farko, wadda ta fito a 2003, ta kai wajen dala dubu ɗari da hamsin tana sabuwa, amma yau za ka iya samun ta da kuɗin da bai kai na sabuwar Camry ba. GranTurismo ma haka, duk da cewa injinta V8 ne da aka ƙera a masana'antar Ferrari. Abin da ba a rubuta a jikin hoton ba shi ne, kuɗin motar ne kaɗai ya faɗi. Birkinta da tayarta da kulocinta da ladan bakaniken da ya iya ta suna nan a farashin motar masu kuɗi, sun ma ƙaru. Kuma mai irin wannan mota ba ya sayarwa haka kawai. Sau da yawa ya je gareji ne an lissafa masa aikin da ke tafe, ya ga ba zai iya ba, ya wanke ta ya ɗauki hoto mai kyau ya sa a kasuwa. Kai da ka saya, wannan lissafin ka gada.

Kowace daga cikinsu tana da ciwon da aka san ta da shi. Porsche 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2005 suna da wani boris a cikin inji da ake kira IMS, a kan sandar da ke haɗa kirankishaf da sarƙoƙin da ke buɗe bawul. Ƙaramin abu ne, amma idan ya tarwatse yakan tafi da injin gaba ɗaya, kuma a Boxster kuɗin wani injin ya fi kuɗin motar. Maganar ta kai kotu a nan Amurka, aka yi sulhu a 2013 a kan motocin 2001 zuwa 2005. Masu hankali suna canza boris ɗin lokacin da za a canza kuloci, tunda dole a sauke giya kafin a kai gare shi. Sai a samfurin 2009 kamfanin ya kawo injin da babu wannan sanda kwata-kwata.

Ferrari 355, wadda aka yi daga 1994 zuwa 1999, tata matsalar ta fi ban mamaki ga wanda ya saba da Toyota. Bel ɗin roba ne ke juya mata bawul, ana canza shi duk bayan shekara uku zuwa biyar ko da motar ba ta je ko'ina ba, kuma hanyar da aka tsara ita ce a sauke injin ƙasa ɗungurungum. Aiki ne na dala dubu bakwai zuwa goma, in ba a tarar da wani abu a ciki ba, kuma da wuya a rasa tararwa. A Ferrari 360 Modena da ta biyo bayanta sun yi ƙofa a bayan kujeru don a kai ga bel ɗin, a F430 kuma suka koma sarƙa, sai dai ita ma bututun hayaƙinta na jikin inji yana tsagewa. Bentley ɗin nan mai injin W12 an cusa shi ne a wuri matsattse, har ƙananan tiyo na roba da ke bayansa idan suka tsufa suka fashe, gyaran kan kai ga sauke inji. Ga kuma balan-balan ɗin iska da take zaune a kai maimakon sifirin. Ka kwana ka tashi ka tarar ta durƙusa ta gefe guda.

Wanda ya fi damuna game da gida shi ne kuloci. Gallardo mai giyar e-gear, da Ferrari mai giyar F1, da wasu Maserati na wancan zamani, a ido kamar otomatik suke tunda babu fedar kuloci. A ciki kuwa giyar hannu ce, kwamfuta ke taka maka kulocin. Tana son buɗaɗɗen titi. Abin da ke cinye ta shi ne matsa-ka-tsaya, da ribas a kan gangare. To ka ɗauki wannan mota ka sa ta a cunkoson Mararaba da Nyanya da yamma, ko a hanyar Kantin Kwari ana gab da Sallah. Kulocin da zai yi wa Ba'amurke shekaru, ba zai kai ko kusa ba a can. A nan, kafin mutum ya saya yakan sa a jona wa motar kwamfuta ta faɗa masa kashi nawa na kulocin ya rage. Wanda ke zaune a Kano yana kallon hoto a waya ba shi da wannan dama.

Bambancin nan da can ya wuce na kuɗi. Masu irin waɗannan motoci da nake gani a taron safiyar Asabar, inda ake jera motoci a filin ajiye mota ana shan kofi ana hira, kusan babu wanda ita ce motarsa ta zuwa aiki. Yana da Toyota ko Ford da yake wahala da ita. Waccan tana gareji a rufe, a jone da ƙaramar cajar batir dare da rana, ana fito da ita ranar da babu ruwa. Yana da jakar takardu mai ɗauke da rasit na duk juyen baƙin mai da aka taɓa yi mata, kuma rashin wannan jaka kaɗai na iya karya farashin mota. Akwai bakanike a gari wanda Porsche kawai yake yi, wani Ferrari kawai. Ladansu ba wasa ba ne, a garejin kamfani awa ɗaya takan wuce dala ɗari biyu, amma akwai su, kuma kayan gyara na isowa cikin kwanaki. Duk da haka za ka ji suna kuka.

Idan ka loda motar a kwantena daga Texas zuwa tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, ƙarfen kawai ka ɗauka, duk wannan tsari ka bar shi a baya. Ɗauki mai. Waɗannan injina an yi su ne don fetur mai ƙarfin oktan 95 zuwa 98 a ma'aunin Turai, wanda muke kira firimiyom a nan. Na gida yana wajen 91 ne, kuma famfo ɗaya ne ga kowa, da mai adaidaita da mai Bentley. Kwamfutar injin za ta rage ƙarfi don ta kare shi, wato ka biya kuɗin gudun da ba za ka samu ba. Ba a ma zo kan gurɓataccen mai ba. Kowa ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Belgium ya lalata motoci a Legas da Abuja. Ɗauki titi. Tsakanin cikin Gallardo da ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba. Kowane tudun rage gudu da mutanen unguwa suka yi da siminti a ƙofar gidajensu abokin gabarta ne, kuma a ƙarƙashin hancin nan lagireto suke a motoci irin su Porsche. Ƙurar hunturu na toshe su. Zafin watan Afrilu kuma yana narkar da robar da aka shafa wa maɓallan cikin Ferrari da Maserati na wancan lokaci har su riƙa manne wa yatsa, abin da ko a zafin Houston muna gani. Cajar batir ɗin nan da na ambata tana buƙatar wutar da ba a ɗaukewa, kuma idan batir ya yi sanyi a irin waɗannan motoci sai fitilun gargaɗi su cika gaban direba, a shiga neman ciwon da babu shi.

Ina girmama makanikanmu ƙwarai. Abin da ake yi a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo da 'yan kayan aiki kaɗan, Bature ba zai iya ba. Shi canzawa ya iya, mu gyara muka iya. Amma wannan basira ta "bari mu yi mata dabara" ita ce ke kashe irin waɗannan motoci. Cire tamostat don mota ta daina zafi, toshe na'urar da ke kawo fitila a gaban direba, zuba baƙin man da aka samu a kusa, duk Corolla za ta haɗiye ta ci gaba da tafiya. Injin da ke juyawa sau dubu takwas a minti ba ya yafe wannan. Gangar jikin 360 da Gallardo da Audi R8 ta alminiyon ce, mai walda da ya saba da baƙin ƙarfe ba zai iya miƙe ta daidai ba. Idan kuma ɗan adaidaita ya goge maka bamba, jama'a za su taru a ba ka haƙuri, shi ke nan. Inshorar dole da yawancin mutane ke yanka, wadda ta koma naira 15,000 a farkon 2023, iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiya naira miliyan uku ne. Fitilun gaba na wasu daga cikin motocin nan sun fi haka. Kuma duk abin da za ka yi oda da dala ne, ita kuwa dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Gwanjon ma akwai magana. Mafi yawan motocin da ke can kamfanonin inshora ne suka kai su bayan sun ga gyaran ya fi ƙarfin darajar motar. Mu mutanen Houston mun ga abin da guguwar Harvey ta yi a Agustan 2017, motoci dubu ɗaruruwa suka sha ruwa. A 2022 guguwar Ian ta yi wa Florida irin haka, can ma ruwan gishiri ne, kuma yanki ne na masu manyan motoci. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi ta yi ƙara mai daɗi a bidiyo. Tsatsar tana cikin wayoyi da kwamfutoci, sai bayan watanni take bayyana, lokacin an riga an biya kwastam an yi walima.

Taya ma mutanenmu ba sa kula da ita sai da zanenta. Motar da ba a cika hawa ba, tayarta za ta yi kamar sabuwa alhali robar ta bushe. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. A hatsarin da ya kashe ɗan wasan fim Paul Walker a California a 2013, cikin Porsche Carrera GT, masu bincike sun ce gudu ne ya jawo, amma sun kuma nuna cewa tayoyin sun kai shekara tara.

Kakanninmu da suka riƙe dawaki sun san cewa ranar saye ita ce mai sauƙi, harawa da dusa da kanwa da ɗan kula da barga su ne riƙon doki. Wanda yake da ƙarfin wannan, yana kuma da wata motar ta yau da kullum da gareji da wutar sola, ban hana shi ba, sha'awa ce kuma halal ce. Abin da nake ce masa shi ne ya bar gwanjo, ya sayi wadda take hannun mai ita da takardunta, ya duba tarihinta da lambar shaidar mota (VIN) a shafin Carfax mai ajiye tarihin motoci, ya biya 'yan ɗaruruwan daloli wani bakanike da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya ɗaga ta ya duba. Ya kuma ajiye kuɗin gyaran shekarar farko a gefe kafin ya tura ko sisi. Idan kuma ƙara da gudu da juyowar mutane yake so, Ford Mustang mai V8 ko Chevrolet Corvette sun fi dacewa da gida nesa ba kusa ba, domin injinansu 'yan gida ɗaya ne da na motocin a-kori-kura na Amurka, masu sauƙin kai da jure wahala. Lexus RC F ko LC 500 kuwa, a ƙarƙashin kwalliyar Toyota ce, ko da yake su ma hancinsu a ƙasa yake, sai an bi tudun unguwa a karkace.