Sharhi kan labarin marigayi Gani Odutokun

Na ji daɗin wannan labari da kuka kawo kan mai zane, marigayi Gani Odutokun, sai dai a ganina kun taƙaita zamansa na Zariya, alhali kuwa a nan ne ya yi suna. An haife shi a garin Nsawam na ƙasar Gana a 1946, ya kammala digirinsa na farko a fannin zane a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, kuma a nan ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne yadda yakan tsinka fenti ya kwarara shi a kan ƙyalle, ya bar shi ya bi inda ya ga dama, sannan ya fitar da siffofi daga abin da ya samu, ta yadda mai kallo zai rasa inda tsautsayi ya tsaya da inda niyya ta fara. Zane-zanensa na sarki da fadawansa kuwa habaici ne ga masu mulki, kuma a zamanin soja ya yi su, lokacin da ba kowa ke iya buɗe baki ba.

Ya rasu a 1995 sakamakon hatsarin mota, yana kan hanyar dawowa daga wani baje kolin zane a Cibiyar Goethe, wato cibiyar raya al'adun Jamus, da ke Legas, Allah ya jiƙansa. Wannan tafiya tana tuna mini cewa har yau mai zane daga Arewa yakan nufi Legas ko Abuja kafin ya sami masu saye, don haka ina roƙonku da ku riƙa aika wakilinku Samaru duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe na sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello suka baje ayyukansu.