Magidanta, kada 'yar filastar da ke kan cibiya ta ruɗe ku

'Yan'uwana magidanta, musamman ku samarin da kuka ɗauko amare daga gida Arewa kuka ajiye su a Agege, Idi Araba da Mile 12, akwai maganar da kunya ta hana mu yi a majalisa, wato komawa shimfiɗa da iyali bayan tiyata, alhali shirun namu yana mayar da mata gadon asibiti.

Yanzu likitocin mata na yin tiyatar da ba a tsaga ciki, wadda suke kira laparoskopi, kuma ana yin ta a manyan asibitocin Legas irin su LUTH da LASUTH. Huji uku ko huɗu ake yi, kowanne kusan santimita 1 ko ƙasa da haka, a hura iskar kabon cikin ya kumbura, a zura kyamara ta cibiya. Da wannan tiyata ake cire ƙullutun gidan ƙwai, da ƙarin mahaifa, da cikin da ya zauna a bututun mahaifa, har ma da mahaifar ɗungurungum. Kwana ɗaya ko biyu an sallamo mace.

To a nan muke ruftawa. Ka ga iyalinka ta dawo da ƙafarta, bayan kwana biyar ta ɗora tukunya, ba wani dogon ɗinki, sai zuciya ta raya maka ai ta warke. Malam, ƙofa ce kawai ƙarama. Aikin da aka yi a ɗaka nan yake, kuma naman ciki ba ya sauri don kana sauri.

Idan leƙawa kawai aka yi ko ƙaramin aiki, yawanci mako 1 zuwa 2 ake jira kafin a koma shimfiɗa, bayan jini ya ɗauke, ciwo ya lafa, ita kuma ta ji ta shirya. Amma idan mahaifa aka cire, magana ta canza. A can ƙarshen gabanta akwai ɗinkin da ya rufe gurbin mahaifar, ba ka ganin sa, ita ma ba ta gani. Mafi ƙaranci mako 6 ne, likitoci da dama sukan ce 8 zuwa 12, kuma sai an duba an tabbatar ya haɗe. Kusantar ta kafin nan na iya warware shi, har hanji ya leƙo, a koma ɗakin tiyata cikin gaggawa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wa zai so a kansa?

Abin da ke ba ni mamaki, duk mun yarda da arba'in ɗin jego. Babu mai jayayya da kwana 40, don a gida akwai uwa, akwai gwaggo, ko ma an tafi wankan gida. Mako 6 kwana 42 ne, kusan lissafi ɗaya. Bambancin shi ne a Legas ɗaki ɗaya ne, daga kai sai ita, babu tsohuwar da za ta harare ka. Yarinya kuwa ba za ta iya cewa a'a ba: tana tsoron fushinka, tana tsoron a ce ta saɓa wa miji, mai kishiya kuma tana tsoron kwananta ya tafi a banza. Kai ne za ka zame mata gwaggon. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma bai ware ɗakin aure ba.

Ranar komawa asibiti ka bar kasuwa ka raka ta. Likita zai yi bayani da Turanci cikin sauri, ita tana sunkuyar da kai tana cewa to. Kai ka buɗe baki: me aka cire, yaushe za mu koma shimfiɗa, yaushe ya dace ta ɗauki ciki? Bayan cire ƙarin mahaifa sukan ce a jira wata 3 zuwa 6 kafin juna biyu, don haka tambayi dabarar tazara tun a nan. Idan gidan ƙwai biyu aka cire, bushewar gaba na iya zuwar mata. Ba ƙiyayya ba ce, kuma akwai magani.

Ka kuma faɗa mata da bakinka ba ka buƙatar gyara yanzu. Matsi, turaren tsuguno, zama cikin ruwan bagaruwa, duk abin da ƙawaye za su aiko daga Sakkwato, a ajiye shi sai likita ya sallama.

Ciwon kafaɗa a kwanakin farko daga iskar nan ne, zai wuce. Amma zazzaɓi, ruwa mai wari, jini mai yawa, ko ciwon mara mai tsanani bayan kwanciya, wannan ba na kemis ba ne. Ɗauki katinta ku nufi asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye cunkoson hanyar Ikeja ya riƙe ku.