Minti biyu kacal ga wanda aka taru dominsa

Haba jama'a! Iyaye su baro Kubwa, Nyanya da Gwagwalada tun da asuba, wasu ma daga Kano suka kwana a hanya, su zauna ƙarƙashin rumfa cikin zafin Abuja domin bikin yaye ɗaliban jami'a, sannan ɗalibin da zai yi magana a madadin 'ya'yansu a ba shi minti biyu ana ja masa riga! Kafin a zo kansa, shugaban jami'a ya karanto dogon rahoto, an rataya wa manya digirin girmamawa, kowanne an karanta tarihinsa tun daga firamare. Yaron na karɓar makirufo, manyan baƙi sun fara sulalewa, jiniya na tashi.

Ɓarnar tun wurin zaɓen ɗalibin take farawa. Maki kawai ake dubawa: wa ya fi kusa da 5.0, wato makin ƙoli, shi ke nan. To ɗaliban likitanci, da digirinsu ba a raba shi aji-aji, da wane sikeli aka auna su? Ga kuma haɗa zango biyu ko uku a biki ɗaya, musamman bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022. Gwaraza uku, mumbari ɗaya, babu rubutacciyar ƙa'idar da ta ce ga wanda zai hau. Sai ana saura kwana biyu a kira yaro a waya, wataƙila yana can wata jiha yana bautar ƙasa, ya rubuta jawabi a cikin mota. Ya iso, a soke duk layin da ya ambaci rashin ruwa a ɗakunan kwana ko jinkirin fitar da sakamako, a bar masa godiya zalla. Wallahi abin da ciwo.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Da zarar majalisar malamai ta amince da sakamako, a sanar da ƙa'ida ana saura mako shida. Kowace tsangaya ta kawo mutum biyu. Kwamitin mutum biyar, da wakilin ƙungiyar ɗalibai a ciki, ya saurari kowa na minti uku, domin iya jarrabawa daban, iya tsayawa gaban dubban mutane daban. Wanda aka zaɓa a ba shi minti bakwai, a gwada shi da makirufon ranar jajibiri, a kuma sa jawabinsa kafin digirin girmamawa, tun manyan suna kan kujerunsu.