Kada ku ɗauki labarin mutum sannan ku ɓace

'Yan uwana matasa masu shiga shirye-shiryen yaɗa labarai da neman adalci, akwai wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya halarci horo na mako biyu, ya karɓi takardar shaida, ya ɗauki hoto da kyamara a wuya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Ƙungiya ta yi asara, amma wanda ya fi cutuwa shi ne mutumin da ya amince ya ba shi labarinsa.

A ce wata baiwar Allah ta faɗa maka yadda aka danne mata haƙƙinta a wurin aiki. Ka naɗa, ka tace, ka saka a intanet. Kwana uku ana ta magana, sai a manta. Waɗanda ake ƙorafi a kansu sun san haka, shi ya sa suke yin gum suna jiran ku gaji. Dawowa ce ke motsa su. Bayan wata ɗaya a koma a tambaya me aka yi, bayan wata uku a sake komawa. A tanadi littafi guda ana rubuta ranar da aka tuntuɓe su, da ofishin da aka je, da amsar da aka samu ko aka rasa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kafin ka kunna na'ura, ka bayyana wa mutum inda labarin zai fita, ka naɗi amincewarsa da bakinsa. In bai kai shekara 18 ba, sai da yardar mai kula da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ba yaro damar a saurare shi a sashe na 12, ta kuma kare sirrinsa a sashe na 16. Kada ɗokin cika na farko ya sa ku taka na biyu. In akwai haɗari, a rufe fuska, a sauya suna, a kashe alamar wuri a waya kafin ɗaukar hoto, domin hoto kan ɗauki bayanin inda aka ɗauke shi. Wanda ake zargi ma a ji ta bakinsa.

Gajiya ce ke korar masu himma. Mutum ɗaya shi ne mai ɗauka, mai tacewa, mai amsa saƙonni, cikin wata shida ya galabaita. Awa huɗu ko biyar a mako da za ka iya riƙewa shekara uku sun fi kwana biyar ba barci. Labaran cin zarafi kuwa a riƙa karɓa-karɓa, don jin su kullum yana taɓa zuciya, kuma wannan ba ragwanci ba ne.

Sai batun gado. Shekarar farko ka koya, ta biyu ka jagoranci shiri, ta uku ka zaunar da sabo kusa da kai yana tacewa kana kallo. Kada kalmar sirrin shafin ƙungiya ta zauna a kan mutum ɗaya. Aƙalla mutum biyu su riƙe, da imel na ƙungiya. Kowane faifai a ajiye shi wuri uku, ɗaya a wajen ofis, a sa masa kwanan wata da sunan batu, yadda wanda zai zo bayanku zai buɗe ya san inda aka tsaya da wanda ake bin bashin amsa.