Na ba shi tirela ya gyara, ya shafe min tsatsa da fenti

Wallahi wasu masu walda ba sa tsoron Allah. Ban ce duka ba, amma wanda na ba aikin tirelar jirginmu a nan Yauri ya cuce ni, kuma saura ƙiris cutar ta ci rai.

Tirelar tsohuwa ce, ta girmi babban ɗana. Da ita muke jan jirginmu mai injin Yamaha daga gida zuwa bakin ruwa. Duk wanda ya san wannan harka ya san ciwon tirela daga ciki yake. Ƙarafanta masu rami ne, kuma kullum sai an tura ta da baya cikin ruwa kafin jirgi ya sauka. Ruwan ya shige ramin ya kwanta, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. A ido lafiya lau, amma ka ɗan buga guduma sai ka ji sautin ya mutu, ɓawon tsatsa yana zubowa ƙasa. Da hannuna na nuna masa wuyanta, inda ake ɗaura ta a bayan mota, da wurin da sifirin ya kama. Na ce ya yanke ruɓaɓɓen gaba ɗaya, ya sa sabon ƙarfe mai kauri, ya huda ƙananan ramuka ta ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Na ce ya canza boris na tayoyin biyu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, za ka ganta kamar yau ta fito daga kamfani." Ya karɓi kafin alƙalami.

Daga nan aka shiga zo gobe, dawo jibi. Kullum zancen ɗaya ne: ba wuta. Wannan kam gaskiyarsa ce, kuma abin yana ƙona min rai. Muna zaune a bakin ruwan da ke cika madatsar Kainji, wadda aka gama tun 1968 don ba ƙasa lantarki, amma mai walda a garinmu sai ya wuni yana kallon waya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, tayar da janareta ya zama sai mai hali. Na ba shi kuɗin mai daga aljihuna don aikina ya tafi. Da na leƙa, sai na tarar janareta na ruri, shi kuwa gogan yana haɗa ƙofar gidan wani. Tirelata tana gefe, akuya ta kwanta a ƙarƙashinta.

Ranar da ya ce an gama, na same ta sai ƙyalli take, shuɗin fenti har kan tayoyi. Ba mu yi nisa da gari ba, jirgi a kai, yarona ya ce yana jin ƙauri. Muka tsaya, cibiyar tayar hagu ba ta taɓuwa don zafi, hayaƙi na fita. Da bakanike ya kwance, tsofaffin boris ɗina ne aka wanke da fetur aka mayar, ko robar da ke tare ruwa ba a canza ba. Ita wannan roba ita ce ran abin. Taya ta yi tafiya ta ɗau zafi, ka tsoma ta cikin ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa, giris ya dame ya koma kamar koko, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Muna nan tsugune bakaniken ya kai hannu wuyan tirelar ya kankare fentin da sukuddireba. Ashe ɗan siririn langa-langa aka ɗora a kan tsatsar, aka ɗiga masa walda nan da can, aka toshe da fila irin ta masu gyaran jikin mota. Har ya fara tsagewa.

Ku duba fa! Da wuyan nan ya ɓalle a gangara, jirgi da injinsa su kwace a titin da ke cike da 'yan acaɓa da yaran makaranta, wa zai tare su? Mu mutanen wannan yanki ba mu manta da hatsarin Warrah na watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ya dare a tsakiyar kogi aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Hukumomi sun ce jirgin tsoho ne, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Da wannan a ranmu wani zai rufe ruɓa da fenti ya miƙo maka?

Da na koma wurinsa, ko kunya babu a idonsa. Wai ƙarfen yanzu ne ba shi da kyau, wai in yi haƙuri, tsautsayi ne. Wane ƙarfen yanzu, alhali bai sa ko taku ɗaya na sabon ƙarfe ba? Ina kuɗin boris? Ina kuɗin mai?

Tirelar tana hannun wani yanzu, kuma duk yankan da zai yi ina tsaye a kansa, ba za a shafa fenti ba sai na ga walda da idona. Shi kuma wancan na aika masa ta bakin maƙwabcinsa: ya dawo min da kuɗin ƙarfe da na boris da na mai kafin Juma'a, in ba haka ba mu haɗu a gaban shugaban ƙungiyarsu, da tsofaffin boris ɗin da langa-langar a hannuna.