Ka biya mai shago kafin ka miƙa masa takardar bishara

Salama 'yan'uwana cikin Almasihu. Abin nan tun Asabar yake cina a rai, in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

An fita bishara a unguwarmu, da ganga da lasifika ana raba takardu gida gida, abin gwanin sha'awa. Wani ɗan'uwa ya miƙa wa mai shagon bakin layi takarda, mutumin ya karɓa hannu biyu, ya ninke ta ya cusa cikin littafin da yake rubuta bashi, ya ce na gode, amma ka gaya wa mutanenku da sunansu ke nan su zo mu yi lissafi tukuna. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ina gefe ina jiran canjina, kunya kamar in nutse.

Haba jama'a! Ran Lahadi a coci mu ne gaba wajen rawar baiko, sabon ɗinki, a ɗaga ambulan sama kowa ya gani, alhali telan da ya ɗinka kayan tun Kirsimeti yake bin sawu, in ya kira a ƙi ɗagawa, in ya zo gida a turo yaro ya ce ba ya nan. Yaron ma mun koya masa ƙarya kenan, gobe mu kai shi Sande Sukul. Mai garuwa ya juye ruwa a ce ya dawo anjima. 'Yar aiki wata uku ba a ba ta ko sisi ba, amma Mama kina sahun gaba a Zumuntar Mata, ke ce ma mai tada waƙa. Mama ki yi haƙuri, ina ganin girmanki, amma yarinyar nan wace bishara kike so ta ji daga bakinki?

Na san gari ya yi zafi, cin bashi ba zunubi ba ne. Ɓuya da rainin hankali su ne matsalar. Je ka sami mai binka bashi ka ce ga abin da ya samu, saura ƙarshen wata, wannan kaɗai ma shaida ce.

'Yan mishan da suka sauka Garkida, cikin jihar Adamawa ta yau, a 1923 ba wa'azi kawai suka tsaya yi ba, makaranta suka buɗe da asibiti, suka riƙa wanke gyambon kutaren da danginsu ma ke gudu. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950 yake karɓar marasa lafiya, Musulmi da Kirista. Gani ya kori ji. Mu kuma mun gaji bisharar, sai aya a status safe da yamma, haƙƙin maƙwabci na wuyanmu. Romawa 13:8 fa tana nan ba a goge ta ba, kada bashin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna.

Don Allah kafin Lahadi a je a biya. Ko rabi ne a kai. Baba dattijo har da kai, a je a biya don Allah.