Tallafin fitar da kaya waje: wace macen ake nufi?

'Yan uwana mata na Gombe, da ku iyayenmu maza masu faɗa a ji, ina da magana a kan shirye-shiryen nan da ake zuba wa kuɗi da sunan taimaka wa mata su kai hajarsu ƙasashen waje. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Ina goyon bayan shirye-shiryen, ina ma son a ƙara musu kuɗi. Damuwata ita ce an ɗinka su daidai jikin wata mace daban, ba wadda na sani a Jekadafari da Bolari da Pantami ba, balle ta Kumo ko Bajoga ko Dukku.

A watan Agustan 2025 Ngozi Okonjo-Iweala, shugabar hukumar cinikayya ta duniya, ta zo Abuja aka ƙaddamar da kason Najeriya na asusun WEIDE, asusun dala miliyan 50 da aka kafa domin mata masu fitar da kaya ta hanyar intanet. Hukumar bunƙasa fitar da kaya ta ƙasa, NEPC, ita ce ke kula da shi a nan gida. Mata wajen 67,000 suka nema, aka ɗauki 146. Ina taya waɗannan 146 murna har cikin zuciyata, Allah ya sa wa jarinsu albarka. Amma ku dubi wancan adadi na farko. Waɗannan fa su ne masu babbar waya da data da Turancin cike fom da takardun rajista. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta shiga lissafin waɗanda suka nema ba, ba ta kuma shiga na waɗanda suka rasa ba. Ita ce mafi yawa a jiharmu, kuma a kanta nake magana.

Abin da masu tsara shirye-shiryen suka kasa gani shi ne kayan wannan matar sun daɗe suna tsallaka iyaka. Turaren wuta da humra da ake haɗawa a cikin gidajen Gombe, yaji, kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, duk suna bin motocin Mubi su faɗa Garwa da Marwa a Kamaru, wasu su bi ta Maigatari su shiga Damagaram. Riɗi da zoɓon da mata ke sheƙewa suna tsincewa a ƙauyukanmu da na Bauchi suna tafiya Dawanau a Kano, daga can Legas, daga can jirgin ruwa ya kai riɗin Japan da Turkiyya da Sin, ya kai zoɓon Meziko. Ba koya mata sana'a ake buƙata ba, ta iya. Matsalar ita ce daga lokacin da buhu ya bar ƙofar gidanta sunanta ya fita daga kansa. Dillali ya saya a farashin da ya yanka, babban ɗan kasuwa ya tara, kamfanin da ke da takardu ya fitar da sunansa, shi ya karɓi dala. Ita kuwa kuɗin tiya-tiya ne nata. Ban ce dillali ɓarawo ba ne, yana da nasa jarin da tasa wahalar. Na ce duk tallafin da bai matsar da matar nan gaba ko da taki ɗaya a wannan jeri ba, bai taɓa ta ba.

Akwai kuma batun inda Allah ya ajiye mu. Gombe da Bauchi ba su da iyaka da wata ƙasa, sai mun ratsa Adamawa ko Borno ko Yobe ko Jigawa. Ƙasashen da suka fi kusa da mu Kamaru ne da Chadi da Nijar. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS tun asali, Nijar kuma ta fice a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ke nan sassaucin kuɗin fito na ECOWAS da ake yawan koya mana a wurin bita ya fi amfanar mai kai kaya Kwatano da Lome da Akra ta iyakar Seme. Mu abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne yarjejeniyar cinikayya ta nahiyar Afirka baki ɗaya, AfCFTA, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. A Fabrairun 2024 shugabannin Afirka sun amince da wani sashe nata na musamman kan mata da matasa. Kayan Najeriya na farko a ƙarƙashin yarjejeniyar sun tashi ne a Yulin 2024, daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. To mu da hanyarmu ta mota ce, kayanmu na buhu ne ba na kwantena ba, yaushe za a zo kanmu?

Ku zo mu duba abin da ake nema kafin mace ta fitar da kaya da sunanta. Rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, lambar haraji, asusun banki na kamfani, takardar shaidar NEPC, fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar, wanda ake cikewa ta banki, in kuma abin ci ne ko na shafawa da aka sarrafa, lambar NAFDAC. Kowanne a cikinsu yana da dalilinsa, ba na neman a soke su. Amma lambar NAFDAC ba ta samuwa sai an zo an duba wurin da ake sarrafa kayan, an ga tsabtarsa da ruwansa da yadda aka keɓe shi. Matar da ke tuyar ƙuli a tsakar gida, kusa da turken awaki, ba za ta tsallake wannan dubawa ba ko da ƙulinta ya fi na kowa daɗi. Ko an ba ta naira dubu hamsin ba za su gina mata ɗakin sarrafawa ba. Abin da zai yi aiki shi ne gwamnatin jiha ta gina wuri guda mai ruwa da wuta da injin matsar mai da na liƙe leda, wanda hukuma ta riga ta duba ta amince da shi, ƙungiyoyin mata su riƙa shiga da kayansu bi da bi suna biyan ɗan abin da ba zai gagare su ba. Muna da madatsar ruwan Dadin Kowa mai ba da wuta, an kuma gina filin masana'antu a kusa da ita. Ware wa ƙananan masu sarrafa kaya rumfa ɗaya a can ba abu ne da ya fi ƙarfin jiha ba.

Maganar wake ita ce ta fi ci mini rai. Duk wanda ya shiga Tudun Hatsi lokacin kaka ya san Allah ya ba mu wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya kasuwanninta saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai yawa a jikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Kowa a kasuwa ya san yadda abin ke faruwa. Mai ajiya yana tsoron ƙwari su huda masa wake kafin farashi ya tashi, sai ya zuba magani ya ɗinke buhu. Kasuwa guda mai biya da tsada ta rufe mana saboda wannan, kuma ba Bature kaɗai abin ya shafa ba, domin waken da aka ƙi karɓa a can shi muke yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alala da shi a nan. Alhali maganin matsalar yana nan a hannu: buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda masana jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, yana toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da an zuba komai ba. Da a ce kuɗin da ake kashewa a taro guda a babban otal an saya wa ƙungiyoyin mata waɗannan buhuna, an kuma samar mana da ɗakin gwaji a wannan shiyya inda za a auna wake da riɗi da gyaɗa a ba da shaidar cewa ba magani ba funfuna, da mace za ta iya tsayawa gaban kowane mai saye ta ce ga kayana ga takardarsu. Wannan takarda ita ke sa farashi ya bambanta. Yanzu mai tsabtataccen kaya da mai gurɓatacce kuɗi ɗaya ake ba su, saboda haka babu abin da zai sa wani ya wahalar da kansa.

Sai hanya. Tambayi kowane direban da ke ɗaukar kaya daga Gombe zuwa Mubi shinge nawa yake tsayawa, kuma me yake miƙawa a kowanne. Kuɗin nan ba daga aljihunsa suke fita ba, a kan buhu ake ɗora su. A kan iyaka kuma mai buhu biyar da mai tirela biyar kusan takardu iri ɗaya ake tambayarsu, shi ya sa mai buhu biyar ke bin ɓarauniyar hanya, inda in an ƙwace mata kaya ko an ci mata mutunci ba ta da wurin kai ƙara. Ƙasashen gabashi da kudancin Afirka na ƙungiyar COMESA sun daɗe da fito da sauƙaƙƙen tsari domin ƙananan 'yan kasuwa: in kayanki ba su wuce na dala 2,000 ba, kuma suna cikin jerin da ƙasashen biyu suka amince da shi, gajeren fom za ki cike a nan bakin iyaka, akwai ma teburin da aka ajiye jami'i domin ya taimaka miki. Irin wannan nake son 'yan majalisarmu na tarayya su nema mana a Mubi da Maigatari da Gamboru, da fom cikin Hausa da Fulatanci, da jerin kuɗin fito a manne a bango kowa ya gani.

Ina kuma roƙon gwamnatin tarayya ta riƙa tuna masu ƙaramin jari kafin ta yanke hukunci dare ɗaya. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Babban ɗan kasuwa yana da rumbun ajiya da abin da zai ci kafin a buɗe. Matar da jarinta duka buhu uku ne, cinye shi take yi, kuma ba ta dawowa.

Wani abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne kuɗin ruwa. Mata da yawa a nan ko an kawo rancen har ɗaki ba za su karɓa ba in akwai ruwa a kansa, kuma wannan imaninsu ne, ba jahilci ba ne da za a ce sai an wayar musu da kai. Bankin NEXIM, bankin gwamnatin tarayya mai tallafa wa fitar da kaya waje, yana da rance na musamman domin mata da matasa masu fitar da kaya, madalla. Amma muna da bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ a ƙasar nan, Babban Banki ma ya fitar da ƙa'idojin tallafi marar ruwa tun 2020. Duk shirin da za a kawo Arewa maso Gabas ya zo da wannan ƙofa a buɗe tun ranar farko, kada a bari sai an yi ƙorafi.

Iyayenmu maza da mazajenmu, na san abin da ke ran wasunku: wai fitar da kaya waje yana nufin mace ta bar gida ta kwana a tasha. Ba dole ba ne. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, tana Makka dukiyarta ke zuwa Sham a hannun wakilai, amma dukiyar tata ce, lissafin nata ne, ribar ma tata. Abin da nake nema ke nan. Ɗanta ko ƙanenta ko wakilin ƙungiya ya raka kayan, amma sunan da ke kan takarda da asusun da kuɗin za su faɗa su zama nata. Ku bar ta ta yi katin ɗan ƙasa, ta buɗe asusu, ta riƙe wayarta.

Mu ma mata akwai namu. Adashinmu yana tafiya shekara da shekaru ba takarda ba sa hannu, amana kawai, kuma ba ya rushewa. Amma da zarar an ce kuɗin gwamnati ne sai wasu su ce rabonsu ne, ba biya. Wannan hali shi ke sa a rufe ƙofa ga na baya. Kuma mai saye a Garwa ko Njamena ba zai jira mace ɗaya ta tara masa jarka goma a wata uku ba, yana son adadi mai yawa, iri ɗaya, a ranar da aka yi alkawari. Mace ashirin da ke zubi tare za su iya yin rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha, su buɗe asusu ɗaya, su sayi littafi su riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, su daidaita awo da ɗauri. Wannan littafin shi banki ke fara tambaya, kuma ba sai mun jira kowa ba kafin mu fara shi.

Ga masu riƙe da ma'aikatun kasuwanci da na harkokin mata a Gombe da Bauchi, buƙatata ɗaya ce a kasafin kuɗi mai zuwa. Mun gaji da jin mata nawa aka horar, keken ɗinki da injin markaɗe nawa aka raba. A ƙarshen shekara ku fito ku gaya mana ƙungiyoyin mata nawa suka sami lambar NAFDAC, buhu nawa ya tsallaka iyaka da sunansu, kuma nawa ya shiga asusunsu. Wanda ke da kusanci da kwamishina ko ɗan majalisar mazaɓarsa, don Allah ya tura masa wannan rubutu.